Tafkin Madarunfa: A Yi Hattara Da Baƙon Ruwa

Ƴan'uwa manoma da makiyaya, ku matso mu yi zancen tafkin Madarunfa. Mu mutanen Sarkin Yamma mun san shi, mun ci kifinsa.

A watan jiya mun kai masa ziyara da ɗaliban makarantarmu ta yaƙi da jahilci. Tafkin yana kudu da Maraɗi, dab da garin Madarunfa. Da damina yakan cika ya bazu. Da rani sai ya ja baya, masu lambu su bi danshi da shuka. Kewaye da shi akwai kushewun waliyai 99 da jama'a ke ziyarta. A shekarar 2019 aka sa shi cikin jerin Ramsar, wato ruwayen da ƙasashen duniya suka yarda a kiyaye.

Daga baki-baki ruwan iya gwiwa ne, can gaba iya ƙirji. Masunta suna jefa birgi, suna fitowa da karfasa da tarwaɗa. Shanu suna shan ruwa, mata suna jiran kifi da kwanoninsu. Tafki ɗaya, bakuna dubu.

To, wannan arziki yana da maƙiyi. Shi ne baƙon kifi ko baƙon haki da aka kawo daga wani wuri. In ya zo bai tarar da mai cinsa ba, sai ya hayayyafa ya kori ƴan gida.

Ga misali daga tekun Amurka. Akwai wani kifi mai zane ja da fari, ana ce masa kifin zaki. Asalinsa daga tekun Indiya da na Fasifik ne. Mutane suka kawo shi don ado cikin gida. A 1985 aka fara ganinsa a bakin tekun Fulorida. Daga nan ya cika tsibiran Karibiyan. Mace ɗaya takan yi ƙwai kusan miliyan 2 a shekara. Abincinsa ƴaƴan sauran kifi. Yana da ƙaya 18 masu dafi. Yanzu mutanen can farautarsa suke yi. Mutum ya sa tabarau na ruwa, ya kama ɗan bututu a baki don shan iska, ya nutsa da mashi mai baki uku. In ya soko shi sai ya yanke ƙayoyin, ya gasa naman ya ci. Duk da haka ba su gama da shi ba.

Giwan ruwa kuwa namu ne. Amma da aka zuba shi a tafkin Biktoriya wajen 1954, sai da ƙananan kifi kusan iri 200 suka ɓace.

Kusa da mu ma abin ya faru. Baƙuwar kainuwa mai shuɗin fure, ƴar Amurka ta Kudu, ta shiga kogin Kwara har Yamai. A fadamar Haɗeja da Nguru kacala ta toshe hanyoyin ruwa. Jan baki ya samu makwanci a cikinta, yana cin shinkafa da gero.

Saboda haka ga shawara:

1. Kada ka zuba kifin wani ruwa a tafki ko tafkin garinku sai da sanin ma'aikatan gandun daji.
2. In ka yi su a wani wuri, ka wanke komarka da jirginka, ka shanya su sosai.
3. In ka ga haki ko kifin da ba ka sani ba, ka sanar da sarkin ruwa da mai gari.

Wanda ya iya karatu ya karanta wa maƙwabcinsa. Tun ran gini ran zane.