Yadda wayata ta tona mini asiri a majalisar mai shayi

Shekara goma sha tara ke nan da na baro Katsina na zauna a Kachalla Sembe, kuma duk wanda ya yi zaman nesa da gida ya san halinmu: kowa ya san kowa, kuma kowa na da wanda yake bugawa waya a gida ya ba shi labarin sauran.

Kwanakin baya fitsari ya fara tashina sau uku sau huɗu cikin dare. Kafin in je asibiti sai na yi abin da kowa ke yi yanzu, na tambayi intanet, da burauzar da na tarar cikin wayar tun daga shago. Bayan kwana biyu muna zaune wajen mai shayi, ɗan ƙanena ya ce, "Baffa, ara mini wayarka in duba sakamakon ƙwallo." Yana taɓa gurbin nema sai ga tambayoyina sun jero kansu, ƙasa kuma ga tallan maganin mafitsara da na ƙarfin maza. Yaron mai kunya ne, bai ce uffan ba, amma na kusa da shi ya leƙa. Kafin Juma'a yayata ta kira daga Katsina tana kuka, wai an ce mata ina kwance rai a hannun Allah.

Wannan ya sa na zauna na gwada burauza huɗu, wato manhajojin da muke lilo da su a intanet. Abin da na fara ganewa shi ne masu leƙen iri biyu ne. Akwai kamfanonin talla da ke bin sawunka daga shafi zuwa shafi ta hanyar 'yan guntayen bayanai da ake kira kukis, akwai kuma wanda ka miƙa wa wayarka da hannunka. Turawa sun fi damuwa da na farko. Mu da waya ɗaya ke zagaye gida, daga uwargida zuwa ɗan aike, na biyun ne ya fi ƙona mu.

Da yawanmu mun ɗauka shiga Incognito a Chrome ya wadatar. Yana hana wayar ajiye tarihi, wannan gaskiya ne, amma shafukan da ka shiga da kamfanin layinka suna ganinka sarai. Har ƙara aka kai Google a Amurka kan haka, a 2024 ya amince zai goge bayanai masu ɗimbin yawa da ya tara. Opera Mini kuwa, tsohuwar abokiyarmu ta zamanin Nokia, tana rage cin data ne ta hanyar bi da shafuka ta kwamfutocin kamfaninta tana matse su, ke nan akwai mai gani a tsakani.

Brave ce ta fi burge ni a harkar yau da kullum. Ta fito a 2016, an gina ta kan tushe ɗaya da Chrome, don haka hannu bai yi baƙunta ba, kuma tana toshe talla da masu bin sawu ba tare da ka saita komai ba. Shafukan jaridu da a da sai na gama kofin shayi kafin su buɗe, yanzu nan take, data ma ta fi jimawa. Tana da wani tsari na kuɗin kirifto da ban da buƙata, na kashe shi. Firefox, wadda tun 2004 muka santa a shagunan intanet, tun 2022 take killace kukis na kowane shafi a rumbunsa daban. Ita na bar wa kwamfutar shago.

Tor na gwada dare ɗaya. Tana bi da kai ta tashoshi uku kafin ka isa inda za ka, shi ya sa ɓoyewarta ta fi ta kowa, shi ya sa kuma ga sabis irin na unguwarmu sai haƙuri. Ta 'yan jarida ce da masu gudun zalunci, ba ta mai duba farashin masara ba.

Amma wadda ta yi maganin ainihin ciwona ita ce DuckDuckGo, saboda wani ɗan maɓalli mai hoton wuta: ka taɓa shi, duk shafukan da ka buɗe da abin da suka bari su goge. Yanzu duk tambayar lafiya ko ta bashi a can nake yinta. Sai dai kada mai karatu ya ruɗu, layukanmu an haɗa su da lambar NIN tun umarnin ƙarshen 2020, kuma in ka shiga Facebook da sunanka babu burauzar da za ta ɓoye ka daga Facebook.

Likita dai ya ce suga ne ya ɗan hau, ina shan magani. Yayata har yau ba ta yarda ba, ta ce bayan Sallah za ta zo Jalingo ta gani da idonta.