Ba laya ba ce, ƙidaya ce: yadda ake sanin kartar abokin wasa a belot

A fadodin Ƙonni da Malbaza da Illela, in an ɗora shayi an raba belot, ba a rasa mutum ɗaya da ke faɗin abin da ke hannun wani kamar ya leƙa. Sai ka ji an ce yana da laya, ko shi da abokinsa suna ƙifta ido. Mun ga zumuncin shekaru ya lalace kan wannan zargi, alhali yawanci ƙidaya ce kawai.

Karta 32 ce, mutum huɗu, kowa takwas. In balen atu, mai maki 20, ba ya hannunmu kuma ba shi ne aka buɗe a tsakiya ba, to yana cikin sauran 24: kowane ɗaya daga cikin ukun na da kashi ɗaya bisa uku. Amma lissafin ba ya tsayawa wuri ɗaya. Mu ce mun jefa as na atu. Na farko ya jefa karo, ke nan ba shi da atu ko ɗaya, tunda dole ne a bi kala. Saura mutum biyu, rabi da rabi. Na biyu ya sauke bakwai ta atu. Dokar belot ta ce in kana da atu da ya fi na ƙasa, dole ka hau. Bai hau ba, don haka ba bale, ba tara. Duka biyun suna wurin na uku tun bai motsa hannu ba. Ina layar take?

Inda ake sulɓewa shi ne wajen ɗaukar atu. Wani zai ce: "Ai wane ya wuce bai ɗauka ba, ba shi da bale." A'a, malam. Karta biyar ce a hannunsa lokacin da ya wuce, uku sun zo daga baya, bale na iya shigowa cikinsu. Wucewarsa ta rage zato, ba ta kashe shi ba. Halin mutum ma shaida ne: akwai matsoracin da ko da bale da tara sai ya wuce, akwai wanda takwas da bakwai sun ishe shi ya ce ya ɗauka.

Masu sa jaka biyu a kan tabarma kuma su sani, ƙidaya ba ta canza rabo. Abin da lissafi ya ba kashi biyu bisa uku yakan kuɓuce sau ɗaya cikin uku, kuma sau ɗayan nan na iya faɗowa kan kuɗin cefane.