Zauren da Babu Murya

A shekarar 2011 yayana ya tafi ci-rani Legas, ya bar mini tsohuwar Nokia wadda lambobin maɓallanta suka goge. A cikinta akwai 2go, manhajar hira da Alan Wolff da Ashley Peter suka ƙirƙiro a Afirka ta Kudu a 2007. Irin wannan hira ta girme ta, domin tun 1988 Jarkko Oikarinen ya samar da IRC a ƙasar Finland, inda baƙi ke haɗuwa a zaure guda, ba fuska ba murya, sai rubutu. Abin da 2go ta yi shi ne sanya wannan zaure a aljihun talaka: ƙaramar waya mai Java ta ishe ta, kuma ba ta cin kuɗi sosai.

Samarin Dangoma sun fi damuwa da zaurukanta, inda sai da GoCredits ake magana, da kuma tauraron da ke ɗaga darajar mutum gwargwadon daɗewarsa a kan layi, har a kira shi Master. Ni kuwa suna ɗaya nake jira. Bayan sallar isha'i nakan karɓo wayar daga wurin mai caji, in zauna a gefen tabarmar Inna, wadda ba ta yi boko ba. Yaya zai rubuto "slm, ykk, y inna?" Sai in warware mata shi ya zama cikakkiyar gaisuwa. Ita kuma ta jero addu'o'i, in dunƙule su a layi biyu. Haka na zama harshensu su biyu.

Wani dare cikin damina ya rubuto: "bn d lfy, kr k fd mt." Ba ni da lafiya, kar ka faɗa mata. Inna ta ce, "Me ɗan'uwanka ya ce?" Na ce, "Yana gaishe ki, Inna, lafiya lau." Da kira ya yi, da kunnen uwa ya tsinci ciwon a muryarsa. Rubutu kuwa ba ya tari, ba ya nishi.

Bayan kwana tara aka aiko da rasuwarsa.

Yau WhatsApp ya kwashe jama'a, tsofaffi na aika murya ba tare da tafinta ba. Inna har yanzu takan gode wa Allah da ɗanta bai yi jinya ba. Nakan sunkuyar da kai in ce, Allah ya jiƙansa.