Amanar da Ke Cikin Faifai

Da aka gama rabon gadon mahaifinmu, Allah Ya jiƙansa, kwali guda ya rage babu mai waiwayarsa. Faya-fayan CD ne fal a ciki: Mamman Shata, Musa Ɗanƙwairo, Ɗanmaraya Jos, da wasu makaɗan ƙauyenmu da ba a taɓa sa su a rediyo ba. Ni na ɗauke shi, na ƙudurta juye su cikin kwamfuta kafin su lalace.

Na zaci aikin yini ɗaya ne. Na zura faifai a kwamfutar tafi-da-gidanka, cikin 'yan mintuna ta mayar da shi MP3. Sai da na kasa kunne na ji kalangu yana tsallake bugu, murya tana tsinkewa. Ashe idan na'urar ta ci karo da ƙarzuwa ba ta faɗa, kintace take yi ta cike gurbin ta wuce. Shi kuma MP3 wani kaso na sautin yake zubarwa domin ya rage nauyi, kuma abin da ya zube ba ya dawowa.

Dole na koma farko. Na sami manhajar Exact Audio Copy, wadda ke maimaita karanta wurin da take shakka har sai karatun ya daidaita, na kuma riƙa adanawa a tsarin FLAC da ba ya rage komai. Faifan da a da minti biyar ke isar sa, yanzu yakan ci sa'a guda. Akwai kuma rumbun AccurateRip a intanet, inda ake gwada abin da ka juye da na waɗanda suka juye irin faifanka. Idan lissafi ya zo ɗaya, ka sami shaida.

A nan hankalina ya tashi. Galibin faya-fayan Baba a kasuwa aka buga su daga kaset, a kan faifan CD-R wanda rininsa ke dusashewa da zafi da hasken rana. Rumbun bai san da su ba. Ba su da shaida sai ni. Don haka na aro wata na'urar ta USB, ina karanta kowane faifai sau biyu, ina gwada sakamakon.

Guda ɗaya ya gagara. A waƙa ta huɗu, daidai inda makaɗin garinmu ke jero zuriyar kakanmu, na'urorin biyu suka yi ta kai-komo har dare, suka kasa. Makaɗin ya rasu, kaset ɗin asali ya ɓata. Na kai wa gwaggonmu guntun da ya tsira, ta saurara, ta ƙarasa sunayen da bakinta, ni kuwa na naɗa a waya.

Wanda duk yake da irin wannan kwali a ƙarƙashin gado, ya fito da shi tun da sauran masu tuna abin da faifai ya manta.