Jikin da Ba Ya Son Fashon

A gidanmu mu huɗu ne da ake wa tsiya cewa jikinmu na masu kuɗi ne, ba ya karɓar komai sai gwal. Ana faɗa ana dariya. Mu kuwa mun san yadda kunne yake kwana yana ƙaiƙayi bayan biki, gari ya waye ya kumbura, yana tsatstsafar da ruwa, daga baya ya yi ɓawo. Wuya ma haka, sai ka ga jan layi daidai inda sarƙa ta kwanta, kamar an zana da alƙalami.

Sunan mai laifin nikel. Ƙarfe ne mai araha da ake cakuɗawa a 'yan kunne, awarwaro, bayan agogo, kan bel, maɓallin wandon jins, firam ɗin tabarau, har da fil ɗin da muke maƙale mayafi. Gumi ne yake narkar da shi kaɗan-kaɗan ya shiga fata, shi ya sa a zafin Afrilu abin yake fin tsanani. Kuma ba nan take yake nunawa ba. Yakan ɗauki kwana ɗaya ko biyu, lokacin an riga an cire ɗan kunnen an manta, sai a ɗora laifin a kan sabulu, ko a ce makero ne, ko a fara zancen sammu.

Abin da ya fi ba mu takaici shi ne jiki ba ya mantuwa. Da zarar garkuwarsa ta ɗauki nikel a matsayin abokin gaba, shi ke nan har tsufa. Sau da yawa kuma daga hujin kunne ake farawa, lokacin da ƙarfen yake zaune cikin ɗanyen rauni. Tarayyar Turai ta kafa doka tun 1994 da ta taƙaita yawan nikel ɗin da kayan ado za su iya saki a fata. A kasuwanninmu kuwa mai shago zai rantse miki cewa ba ya kodewa, alhali ruwan gwal ne a sama, in ya goge sai nikel ya fito. Ko farin gwal na gaske wani lokaci da nikel ake haɗa shi.

Yanzu mun iya zama da abin. In ya taso, mu cire ƙarfen, mu wanke wurin, mu ɗora tsumma mai sanyi, mu shafa man haidirokotizon na 'yan kwanaki, mu daure kada mu sosa. Yakan kai mako biyu zuwa huɗu kafin ya lafa. In ya fara mugunya ko zafi, asibiti ne. Mayukan nan masu ƙarfi da ake haɗawa don hasken fata ba ma kusantarsu, suna sirantar da fata. Likitan fata yana da gwajin da ake manna wa mutum a baya na kwana biyu, ya tabbatar da abin.

Wahalar ta fi yawa ranar biki. Anko ya zo da sarƙarsa, in ka ƙi sawa a ce girman kai ne. Ƙanwarmu da za a kawo wa lefe ta aika tun da wuri cewa a rage akwati ɗaya, a saya mata ɗan kunnen gwal ko da ƙarami ne. Dangin ango sun yi gunaguni har mako guda kafin su yarda.