Kin Faɗa Mata Ta Gane?

Duk inda masu shagon ɗinki ko gidan abinci suka haɗu, kuka ɗaya za ki ji: wai yaran yanzu ba sa jin magana. To amma fa kafin a ce yarinya ba ta ji ba, sai a tambaya, shin an faɗa mata yadda za ta gane?

Na yi shekara 3 ina koyon ɗinki a wajen wata Hajiya, mai hannu ce ƙwarai, amma ba ta iya bayani ba. Sai ta jefo miki atamfa tana waya, ta ce "yi mata irin na rannan." Wane rannan? Idan kika tambaya ta ce kai ke gare ki kamar dutse. Ana saura kwana 4 ƙaramar Sallah wata 'yar uwar koyona ta ji tsoron tambaya, ta sa almakashi ta yanka turmi guda, yadi 6, da awon wata mata daban. Mai kaya ta tafi ba ta sake dawowa ba, yarinyar kuma aka kore ta. Wallahi har yau ban ga laifinta ba.

Ki sani 'yar uwa, yaron da ake yi wa tsawa in ya tambaya, shiru zai koya, ya riƙa yin aiki da cinta. In ya yi ɓarna kuma sai ya ɓoye, ke ce ta ƙarshe da za ki sani. Daga nan girmanki ya soma zubewa, a gabanki "to Anti", a bayanki zunɗe.

Anas ɗan Malik ya yi wa Manzon Allah (SAW) hidima shekara 10 a Madina, bai taɓa jin kalmar ƙosawa daga gare shi ba. Shi ne kuma ya ba da labarin cewa Manzo kan maimaita magana sau uku don a fahimta. To mu su wa?

Saboda haka ki ajiye wayar, ki kira yarinya da sunanta, ki faɗi aiki ɗaya-ɗaya, ki rubuta awo a littafi, sannan ki ce ta maimaita miki. Gyara kuma ki yi mata a keɓe, ba a gaban masu kawo ɗinki ba. Haka ma 'yar aikinki ta gida.

Allah Ya ba mu ikon gyarawa, amin.