Shamuwa a Ƙofar Gida

A ƙasar Danja, kamar sauran ƙasashen noma na kudancin Jihar Katsina irin su Funtuwa da Bakori da Malumfashi, manomi ba ya jiran kalanda ta sanar da shi ƙaratowar damina. Idan bazara ta tsananta, wajen watan Afrilu zuwa Mayu, sai a wayi gari a ga shamuwa ta sauka bisa tsamiya ko kuka a tsakiyar gari. Daga ranar nan ake fito da fartanya da irin shuka, domin kowa ya san ruwa ya kusa.

Shamuwa baƙuwa ce mai dogon zango. Takan yi watannin raninmu a gabashi da kudancin Afirka, inda ake damina a lokacin, sa'an nan ta biyo ruwa ta dawo mana domin ta yi sheƙa. Takan saka ƙwai biyu ko uku, mace da namiji su riƙa karɓa-karɓar kwanci har kimanin kwana 30. Abincinta fara da tsutsa, wato abokan gaban manomi. Abin mamaki kuma, ga daji nan fetal, amma ta fi son ta yi sheƙa kusa da mutane. Shi ya sa tun kaka da kakanni ba a jifarta, ba a kuma taɓa ƙwanta.

Na tashi a gidan Hausawa Kirista, waɗanda kakanninsu Maguzawa ne. A ƙofar gidanmu akwai wata tsamiya da shamuwa ke sauka kowace shekara, a ƙarƙashinta kuma mahaifina yake karanta mana Littafi Mai Tsarki da yamma. Fassarar Hausa ce, wadda aka fara buga cikakkiyarta a 1932, bayan aikin shekaru da Dokta Walter Miller na Zariya da abokan aikinsa suka yi. A gindin bishiyar nan na fara gane cewa tsuntsayen da littafin ke ambata su ne waɗanda ke bisa kanmu.

Annabi Irmiya, a sura ta 8, ya yi wa mutanensa faɗa da misalin wata 'yar'uwar shamuwa, farar nan da ke ratsa ƙasar Falasɗinu tsakanin Turai da Afirka. Ya nuna cewa tsuntsuwa ta san lokacinta, amma mutum ya jahilci hukuncin Ubangijinsa. Da na yi nisa a nazarin harshe, sai na tarar sunanta da Ibrananci shi ne hasida, daga tushen kalmar hesed, mai nufin ƙauna mai riƙon alkawari. Ashe Ibraniyawa da Hausawa, duk da nisan da ke tsakaninsu, hali ɗaya suka gani a jikin wannan dangi na tsuntsaye: cika alkawari.

A Bishara ta hannun Matiyu, sura ta 6, Yesu Almasihu ya kafa hujja da tsuntsaye, waɗanda ba su da gona ko rumbu amma Allah yana ciyar da su. Akwai masu ɗaukar wannan a matsayin izinin zaman kashe wando. Duk wanda ya taɓa lura da shamuwa ba zai yi wannan fahimta ba. Tun asuba take jigilar ƙirare ɗaya bayan ɗaya, ta bi gonaki tana kiwo, ta dawo ta ciyar da 'ya'yanta. Abin da aka hana shi ne fargabar gobe, irin wadda ke sa mutum ya ɓoye hatsi maƙwabcinsa na kwana da yunwa. Maƙwabtanmu Musulmi ma da tsuntsu suke misalta tawakkali, wanda ke fita da safe ciki wayam ya dawo da yamma a ƙoshe. Duka biyun sun haɗu a kan cewa sai an fita nema.

Amma bangaskiya tana tafe da nauyi. A Attaura, cikin Maimaitawar Shari'a sura ta 22, an hana wanda ya sami sheƙa ya haɗa uwa da 'ya'ya ya kwashe. Hikimar a fili take: idan aka bar uwa, baɗi ma za a ga tsuntsu. To, yau mun tsallake wannan iyaka ta wata hanya. Manyan itatuwan gari suna faɗuwa saboda itacen girki da gawayi da filin gini. Maganin feshin da ake zuba wa tumatir da auduga yana kashe ƙwari, masu ɓarna da marasa ɓarna, tsuntsu kuma ya ci guba tare da abincinsa. Ban manta da kukan manomi ba, domin jan-baki kan share gonar dawa ko gero cikin 'yan kwanaki, tsaron amfanin gona kuwa wajibi ne. Sai dai wanda bai iya bambanta ɓarawo da mai gadi ba, wata rana zai kori mai gadin.

A nan ne aikinku yake, ya ku malaman gobe. Yaron da ke riƙe da danƙo yau shi ne mai gona gobe. Ku fita da ɗalibai gindin bishiya, su ƙirga sheƙuna, su rubuta ranar da shamuwa ta sauka da ranar ruwan fari, su tambayi tsofaffi sunayen marai da tsattsewa da baiwar-Allah kafin sunayen su bi itatuwan su ɓace. Aji ɗaya zai iya haɗa ɗan Kirista da ɗan Musulmi, kowannensu kuma yana da dalili daga addininsa na barin sheƙa a inda ya gan ta. Baƙuwar da ta keta ƙasashe ta amince da ƙofar gidanmu ta ba mu amana, kuma za a tambaye mu yadda muka riƙe ta.